Inda Wuta Ke Tashi: Tafiya Daga Madawa Zuwa Keita

Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram tana ratsa Madawa bayan ta bar Birnin Ƙonni da Galmi, kuma abin da yawancin matafiya suka sani game da garin bai wuce tsayawar sallah da sayen albasa ba. Wanda ya sauka ya juya arewa kuwa, wata ƙasa dabam zai shiga: tuddai masu baƙin dutse, da kwaruruka masu dausayi, tun daga Buza da Keita har Tawa. Nan ne Adar da Majiya. An san mutanenta da noma a kan fako, da tafiya ci-rani, da kuma ƙira, domin tun kafin ƙarfen Turawa ya iso suke fitar da nasu daga dutsen da suke takawa.

Tambaya ce ta kai ni. Duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya san bindigar maharbi, doguwar nan mai baƙar ƙota, wadda wasu ke kira adaka, wasu bindigar toka, masu barkwanci kuma su ce harba-ka-ruga. Na so in ji daga bakin masu ƙera ta da masu rataya ta yadda ƙirarta ta sauya, da abin da ake dubawa kafin a yanke mata kuɗi, da dalilin da ya sa ta tsaya cik alhali a wasu ƙasashe kusan kowace shekara sai an sake wa bindigar farauta fasali.

Madawa

Na sauka a ƙarshen hunturu, albasar fadamar Tarka ta fara fitowa. Buhuna jere a bakin hanya, manyan motoci suna lodi za su Abijan da Akara da Kwatano, mata kuma sun baza tabarmin kaba masu rini, irin waɗanda suka fitar da sunan Madawa. Mai masaukina ya ja ni bayan kasuwa, wajen rumfunan maƙera. Tun daga nesa ƙarar masaba ke yi wa mutum jagora.

Abin da ke rumfunan kayan gona ne zalla: garmar shanu, hauya, gatari, lauje, diga, da ƙafafun amalanken jaki. Zugazugin fatar akuya ya ba da wuri ga fankar ƙarfe da aka haɗa da wilin keke, yaro yana juyawa da hannu ɗaya. Ƙarfen da ake bugawa duk tsohon sifirin mota ne da guntayen inji. A gefe wani saurayi yana walda a jikin injin ban-ruwa, mai lambu na tsaye a kansa yana ƙorafin albasarsa za ta ƙone. Ko bindiga ɗaya ban gani ba.

Muka gaisa da dattijon rumfar, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ajiye awartaki ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, wa ya turo ka?"

Sai da mai masaukina ya ambaci gidansu da sunan mahaifinsa kafin fuskar ta saki.

"To zamna. Ni na bar wannan aiki tun gashina na baƙi. Amma in labari kake so, akwai shi."

Ya ce bindiga kashi uku ce: ƙota, da bututu, da wurin kunama. "Icce kowane masassaƙi na iya fiƙe shi. Bututu kuwa saye muke yi, ba mu ke yin shi ba. Wurin da wuta ke tashi, ɗana, nan maƙeri yake. In ya yi kyau bindiga ta yi kyau. In ya ɓaci, mai ita ya rasa yatsu."

A iya saninsa ƙirar iri uku ce. Ta kakansa mai ƙanƙara ce: kunama ta saki, ƙanƙara ta daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin albarushi. Da damina sai ta ƙi tashi. Ta mahaifinsa ta bar ƙanƙara ta koma 'yar hular da ake bugawa, amma har lokacin ta baki ake ɗura mata albarushi da harsashi, a danna da sanda. Ta zamaninsa ita ce mai karyewa a tsakiya, a sa mata kwanson kanti guda ɗaya, wadda maƙeran Afirka ta Yamma suka kwaikwayo daga bindigogin farauta irin Simplex ta kamfanin Manufrance na Faransa da Baikal ta Rasha. Daga nan ƙira ba ta ƙara gaba ba.

Na ce, "Baba, me ya tsayar da ita?"

Ya ɗaga yatsu uku: "Ƙarfe, da awo, da hukuma."

Abin da ya faru a Galma

Yatsan nan na uku ya girmi dattijon da kansa. Kafin Turawa, sarakunan ƙasar nan ba baƙin bindiga ba ne. Tarihin Kano ya ambaci Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, a matsayin sarkin da ya fara ajiye dogarai masu bindiga. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa maƙeransa sun zuba igwa a cikin birninsa, ana kuma haɗa albarushi a gida. Bindigogin da ke zuwa daga bakin teku, ƙirar Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam, masu ƙanƙara ne, kuma maƙerin Hausa yana iya gyara su har ya kwaikwaye su.

Tazarar ta buɗe ne a ƙarshen ƙarni na 19. A 1884 wani masanin Faransa, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi, a 1887 kuma sojan Faransa suka karɓi bindigar Lebel mai cin harsashi takwas. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Burasal wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a yankin da ya kama daga layi na 20 arewa zuwa na 22 kudu, ta bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Adar tana tsakiyar wannan yanki. Shekara tara bayan haka, a 1899, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni.

Daga Madawa na hau kabu-kabu zuwa wajen Galma, ƙasar Abzinawan Kel Geres, waɗanda suka sauko daga Abzin suka zauna a Gobir Tudu, da sarautunsu a Galma da Arzarori. A nan ne a 1901 mahayansu suka kara da sojan Faransa, da takobi da mashi da garkuwar fata, suka sha kashi. Fili ne mai yashi da ƙaya, raƙuma na kiwo, babu wata alama da za ta gaya wa baƙo abin da ya faru. Jarumtaka ba ta gaza ba a ranar. Mai ɗura bindiga ta baki yana harbi ɗaya, mai bindigar zamani ya yi goma, kuma tun daga nesan da doki bai isa ya rufe ba. Da mulkin mallaka ya zauna, sai ya mai da wannan tazara doka: bindigar zamani ta soja ce da gardin kwamanda, talaka kuwa adaka, ita ma da takarda.

Hanyar Buza

Tsakanin Madawa da Buza kimanin kilomita 50 ne. Motar da na shiga ta cika da 'yan ci-rani masu komawa gida da katifu da rediyo, muka yi ta tsayawa a shingen jandarma. Sannu a hankali yashi ya ƙare, dutse ya karɓa. Garin Buza yana zaune a gindin tuddai, gidajensa na laka da dutse, rumbunan hatsi masu ƙaton ciki sun fi ɗakunan kwana tsayi.

Washegari na gangara kwarin Majiya don in ga layukan dogon yaro da ake labari. Bayan farin 1973 da 1974, iska ta riƙa kwashe ƙasar kwarin tana binne shuka. Wani jami'in gandun daji na Buza, Daouda Adamou, da wani ɗan sa-kai Ba'amurke, Don Atkinson-Adams, suka kawo shawarar dasa itatuwa layi-layi a kan hanyar iska, ƙungiyar CARE ta ba da kuɗi, aka fara dashe a 1975 a wajen Garadume. Yau layukan sun zama dogayen inuwoyi, gero da dawa suna girma a tsakaninsu, ana kuma sassabe rassa a raba wa masu gonaki.

A kan tudun da ke sama da kwarin wani manomi ya nuna mini tarin baƙaƙen duwatsu masu ƙyalli da ramuka. Kashin tama ne, ragowar wuraren da aka narka ƙarfe. Adar ta yi suna da wannan aiki. Akwai zuriyar da sana'arta haƙo tama da narka ta, akwai maƙeran baƙi masu buga kayan gona da makamai, akwai maƙeran fari masu aikin azurfa. Wata Bafaranshiya mai binciken al'adu, Nicole Échard, ta zauna da maƙeran Adar, ta ɗauki fim ɗin narkar tama mai suna Noces de feu da ya fito a 1968, lokacin da sana'ar ke gab da mutuwa. Abin da ya kashe ta tsohon ƙarfen mota ne: ya fi araha, ba ya cin gawayi mai yawa, ba ya buƙatar kwanaki a daji.

Wannan shi ne yatsan dattijon na farko. Maƙerin da a da ya san ƙarfensa tun yana dutse, yanzu yana aiki da abin da ya tsinta, bai san irin haɗin da ke cikinsa ba, bai san gajiyar da ya kwaso daga jikin mota ba. A hauya wannan ba komai ba ne, in ta karye a sake wata. A bindiga kuwa rai ne.

Gidan maharbi

A wani ƙauye tsakanin Buza da Keita aka haɗa ni da wani maharbi, ɗan gidan sarkin baka. A zaurensa akwai kwari da baka, da layu, da kan burtu wanda maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa har su kusanci nama. Ya ce a ƙuruciyarsa ya ga barewa da tuji a tuddan nan, mahaifinsa kuma ya ba shi labarin jimina. Yanzu sai zomo da zabon daji da kurciya, wani lokaci dila. Fari ya ci nasa, gatari ya ci nasa, gona kuma ta haye har kan dutse. Dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta ɗora lasisi da ƙayyade lokaci, jami'an gandun daji kuma ba sa wasa.

Ya shiga ciki ya fito da bindigarsa naɗe cikin tsumma. Ta fi kafaɗata tsayi. Ya ce gadon kakansa ce.

Na shafa ƙotar na ce, "Baba, iccen nan ai bai tsufa haka ba."

"A'a, wannan ni na sa aka sassaƙa. Ta farko gara ta ci."

"Bututun fa?"

"Baba ya sake shi, na da ya tsage."

"To ina bindigar kakan?"

Ya yi dariya, ya ɗora yatsa a kan farantin ƙarfen da ke riƙe da kunama, wanda hannu ya goge har ya yi santsi. "Ga ta nan."

Da na tambayi kuɗinta, sai ya ce bindiga ba buhun gero ba ce da za a ce ga farashin kasuwa. A zamanin kakansa da damman hatsi ake biyan maƙeri bayan girbi, kuma duk naman da aka kaso yana da rabonsa. Da kuɗi suka shigo, abu huɗu ake dubawa: ingancin bututu, da aikin da aka zuba a wurin kunama, da ko wane ne mai saye, sai kuma kasadar da maƙeri ya ɗauka. Na ƙarshen nan shi ne ya fi tashi a 'yan shekarun nan, domin wanda aka kama yana ƙera bindiga ba izini, kurkuku ce makomarsa.

Akwai wani abu kuma da ba a rubutawa. Maƙerin ƙauye yana sallah a masallaci ɗaya da wanda ya saya. Idan bindiga ta fashe ta cire wa mutum hannu, kowace safiya sai ya ga hannun. Shi ya sa maharbin ya ce bai taɓa sayen bindiga a hannun baƙo ba, kome sauƙinta. "Araha ba ta ado, Malam. A wannan abu ma kashewa take yi."

Keita

Mai shiga Keita daga Buza zai ga tuddai da aka yi wa zane da ganuwar dutse, layi bisa layi, da ramuka masu tare ruwan sama, da itatuwan ƙaya a inda dā fako ne. Aikin raya karkara na Keita ke nan, wanda aka fara a 1984, shekarar babban fari, da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, hukumar abinci ta duniya kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Da yake maza sun tafi ci-rani, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. An dasa miliyoyin itatuwa, an gina madatsun ruwa a kwaruruka. Wani maƙeri a garin ya ce mini shekarun nan ne rumfarsu ta fi samun aiki, domin diga da shebur da baro ba sa kwana biyu a kan wannan dutse ba su nemi gyara ba.

A majalisar shayi kusa da tasha na haɗu da wani tsohon soja, wanda ya yi aiki tun zamanin Shugaba Seyni Kountché. Da ya ji abin da nake bi, ya ce ai ban ga bindiga ba tukuna in ban riƙe MAS 36 ba, wadda aka koya musu harbi da ita. Ƙirar Saint-Étienne ce ta Faransa, an karɓe ta a 1936, tana cin harsashi biyar, kuma ita Faransa ta bar wa sojojin ƙasashen da ta mulka. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya nuna mana da hannun dama: ɗaga, ja baya, tura gaba, kwantar. Samari suka yi ta dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Motsi huɗun nan su ne sirrin bindiga mai sakata. Tana aiki kamar sakatar ƙofa: sandar ƙarfe ce ke zirga-zirga cikin wani gida na ƙarfe, ta tura harsashi cikin bututu, a murɗa ta haƙoranta su kama, ta kulle wuta a ciki. Gidan nan shi ne uwar bindiga. A jikinsa ake ɗaura bututu, a ƙarƙashinsa kunama take, a kansa madubin hange ke zama. Lokacin da harsashin zamani ya tashi, matsin da ke ciki yana kai nauyin tan huɗu a kan kowane murabba'in santimita. Ƙarfen da ba a san asalinsa ba, da awon ido da zarto, ba za su riƙe wannan ba. Yatsan dattijon Madawa na biyu ke nan, kuma maƙeran da suka ƙi taɓa irin wannan ƙira hankali suka yi.

Masu sayen gida ba bindiga

Fasalin da Paul Mauser ya kammala a Jamus a 1898 shi ne tushen mafi yawan bindigogi masu sakata har yau. A 1962 kamfanin Remington na Amurka ya fitar da samfurinsa na 700, mai gidan sakata zagayayye wanda ke da sauƙin fiƙewa a inji, ya sayar da miliyoyi. Yawansa ya sa masu yin ƙota da kunama da gidan harsashi duk suka riƙa auna kayansu a kansa. Daga nan wata sana'a ta tsiro: ƙananan masana'antu, irin Defiance Machine a jihar Montana da BAT Machine a Idaho da American Rifle Company, waɗanda ba bindiga sukutum suke sayarwa ba, gidan sakata kaɗai suke yi, da awon waje irin na Remington don sauran kaya su shiga, amma da aikin da ya fi na kamfani tsabta. Mafarauci ko ɗan gasar harbin nesa sai ya sayi gida a nan, bututu a can, ƙota a wani wuri.

Gyare-gyaren da suke gasa a kansu ƙanana ne a ido. Da, dandamalin da madubi ke zama da ƙarfen da ke tare dukan baya dabam ake yin su a ɗaure da noti, yanzu ana fiƙe su daga dunƙulen ƙarfe ɗaya da gidan, don kada wani abu ya motsa. Sakata mai haƙori biyu sai an ɗaga ta digiri 90, mai haƙori uku digiri 60 ya isa, hannu ya fi sauri kuma ba ya gugar madubi. Wasu sun sa kan sakata ya zama mai cirewa, don gida ɗaya ya ɗauki harsashi iri-iri. Wasu sun koma ga yadda Mauser ke kama harsashi tun daga fitowarsa. Mafi girman sauyi shi ne na awo: injinan da kwamfuta ke sarrafawa suna fitar da gida dubu kowanne daidai da ɗan'uwansa, saɓanin bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na inci ba, har mai yin bututu yana iya yanka shi bai taɓa ganin gidan da zai shiga ba.

Kuɗin kuwa yana farawa daga wajen dalar Amurka 900 zuwa 1,500, na ƙarfen titaniyam mai sauƙin nauyi ya haura haka. Cikakkiyar bindigar kamfani ta talakawa ba ta kai wannan ba. Dalar Amurka 1,000 ta haura jika 500 na sefa, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne a wata. Wato guntun ƙarfen da bai kai tsawon zira'i ba ya cinye albashin lebura na shekara. Ba nauyin ƙarfe ake saye ba. Ana sayen sa'o'in inji, da ƙarfen da aka san haɗinsa, da tabbacin cewa awon da aka faɗa shi ne awon da ke jiki.

Da na gaya wa tsohon sojan cewa a dokar Amurka ta 1968 gidan sakata shi kaɗai ake kira bindiga, shi ke ɗauke da lamba, ƙota da bututu kuwa kaya ne kawai, sai ya ce haka aka koya musu a bariki: lambar da ke jikin gida ita ake rubutawa a gaban sunan soja. Maharbin da na baro bai san wannan doka ba, amma hukuncinsa da nata ɗaya ne.

Abin da ya shigo daga waje

Duk wannan muhawara ta ƙira wani abu ya sha gabanta. Bindigar da ke hana mutanen jihar Tawa barci ba adaka ba ce, ba kuma mai sakata ba ce. Kalashnikov ce, wadda ba a ƙera ta a rumfar kowa a Adar ba. Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai a 1994, aka yi sulhu da 'yan tawaye a ranar 24 ga Afrilun 1995, aka ƙona makamai a Agadas a ranar 25 ga Satumban 2000. Rushewar Libiya a 2011 ta sake buɗe ƙofa. A watan Maris na 2021 aka kai hari a ƙauyukan Tiliya, arewacin jihar, gwamnati ta ce mutum 137 suka mutu. A kudu kuma, garin Bangi na gundumar Madawa ya karɓi dubban mutanen da suka tsallako daga jihar Sakkwato suna gudun ɓarayin daji.

A irin wannan hali maƙeri yana tsaka mai wuya. Ƙauyen da ke tsoron hari yana zuwa wurinsa, hukuma kuma tana kallonsa da zargi. Shi ya sa tambayar farko da aka yi mini a Madawa ita ce wa ya turo ni, kuma a Keita ma da Tamaske ita aka maimaita.

Yarjejeniyar ƙananan makamai da ƙasashen Afirka ta Yamma na ƙungiyar ECOWAS suka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta nemi kowace ƙasa ta ƙidaya maƙeran makamai na gida, ta yi musu rajista, a riƙa sa lamba a abin da suka ƙera. Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, amma shawarar ba ta lalace ba. Sana'ar da aka kora cikin duhu ba ta mutuwa, sai dai ta faɗa hannun wanda ba ya jin kunyar kowa. Sarakunan maƙera da sarakunan baka suna nan a garuruwan Adar, sun san kowane mai masaba da kowane mai rataye, kuma rajistar da ta bi ta hannunsu za ta fi shingen hanya sanin abin da ke ƙasa.

A hanyar Tamaske zuwa Tawa na zauna kusa da wani saurayi ɗan gidan maƙera, yana riƙe da wani ƙarfe na injin ban-ruwa da ya gagare su gyara, zai kai wa masu injin fiƙa a birni. Ya ce aikin rabin sa'a ne, amma zai ci masa yini biyu da kuɗin mota, lambun mai injin kuma yana jiran ruwa. Abin da ya raba shi da maƙerin Montana ba basira ba ce. Ƙarfe ne mai asali, da ma'auni, da wutar lantarki mai tsayawa, da takardar da ta amince da sana'arsa. Yankin da ke fitar da albasa har bakin teku yana da injinan ban-ruwa da amalanke da garma da injinan niƙa da za su ci aikin kowane maƙeri daga Bangi har Ibohaman. Idan aka kai injin fiƙa da malamin awo cibiyoyin koyon sana'a na Madawa da Buza da Keita, jikokin masu narka tama za su samu abin da ya fi bindiga riba, kuma ba wanda zai tambaye su wa ya turo mai saye.